Banɗaki fes, wari yana nan: me za a saya?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, duk daga cikin garin Bauchi, duk kuma a kan abin da mutane ba su cika son faɗa da baki ba. Na rage tsawonsu, na cire sunaye.

"Assalamu alaikum Baba. Wata huɗu ke nan da tarewata, muna haya a Fadaman Mada. Banɗakin ɗakina safe da yamma nake wanke shi. Hypo, Izal, Harpic, babu wanda ban saya ba, kafur kuwa har a taga. Amma da asuba in na buɗe ƙofa sai wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya dake ni, kuma tun da hunturu ya kama abin ya ƙaru. Ranar da dangin miji suka zo, ƙanwarsa ta shiga ta fito tana yatsina fuska, daren nan ban runtsa ba. Ƙawata ta ce in sayi na'urar nan mai fesa turare da kanta, maigida kuma ya ce a canza masai ɗin gaba ɗaya. Wanne za mu yi?" Amarya, Fadaman Mada.

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki ce wa maigidan ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna, ke ma ki jingine maganar na'urar turare. Batun ƙanwar miji kuma ki cire shi a ranki, domin warin da kika kwatanta ba na rashin wanki ba ne. Dattin saman tayil zarni yake yi ko tsami. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa daga ƙarƙashin ƙasa yake tasowa, daga sokawe. Ƙananan halittun da ke narkar da bahaya a inda iska ba ta shiga suna fitar da wata iska da 'yan kimiyya ke kira haidurojin salfaid, kuma hancin ɗan Adam yana kama ta ko da 'yar mitsitsiya ce. Ko za ki goge tayil har ki riƙa ganin fuskarki a ciki, muddin tana da ƙofar shiga za ta shigo. Da rana taga a buɗe ana shiga ana fita, sai ta baje. Da dare an rufe ko'ina, sai ta taru ta jira ki da asuba.

Leƙa cikin masai. Ruwan nan da ke kwance a ƙasansa kullum, wanda ko an kora sai ya dawo daidai inda yake, mutane da yawa suna zaton ragowa ce. Da gangan aka lanƙwasa wuyan masai don ya riƙe shi. Shi ne murfin da ya raba ɗakin barcinki da sokawe, kuma zurfinsa kamar santimita 5 ne kacal. Duk kafar da ruwa ke fita ta cikinta a banɗaki ya kamata ta samu irin wannan lanƙwasa mai riƙe ruwa: besin ɗin wanke hannu, rariyar ƙasa, wurin shawa, da baho in akwai. Masai da wuya ya rasa tasa, tun daga kamfani a jikinsa aka ƙera ta, shi ya sa canza shi ɓarnar kuɗi ne sai dai in ya tsage. Sauran kafofin kuwa a hannun mai gyaran famfo aka bar su, kuma a nan ne ake yin aikin a-gama-a-tafi.

Ga abin da za ki yi yau da dare, kuɗin salatif kawai zai ci miki. Ki kwashe kafur da duk wani abu mai ƙamshi, ki fitar da mofa da bokitin wanki da kwandon shara. Ki buɗe taga iska ta ratsa kamar awa guda, tayil ya bushe. Sai ki samu leda mai kauri ki rufe rariyar ƙasa, ki manne gefe huɗu. Ki rufe ramin besin, har da ƙaramar kafar nan ta sama da ke hana shi tumbatsa, wadda kowa yake mantawa da ita. Ki ja taga da ƙofa, ku lallaɓa da banɗakin falo na daren nan. Da asuba ki shiga kafin ki shafa turare ko ki ɗora girki, hanci yana sabo. In warin ya tafi, ɓarawon yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin ledojin, sai ki riƙa buɗe su ɗaya-ɗaya, kowane dare guda. Wani lokaci ma ba a kai wa ga haka: za ki tarar leda ɗaya ta yi tozo kamar ana hura ta daga ƙasa.

Da caca halal ce, a kan rariyar ƙasa zan zuba kuɗina. Ɗaga murfinta mai huji-huji ki haska tocilar waya. Mai lafiya za ki ga ɗan kofi a kife cikin ruwa, ko dai ruwa kwance. In kika ga baƙin rami ya miƙe babu komai, ko kika kara bayan hannu kika ji iska tana taɓa ki, magana ta ƙare. Sau da yawa ɗan kofin yana nan ranar da aka sa rariyar, sai ya riƙa tara gashi ruwa ya ƙi wucewa, wani mai haya da ya riga ku ya fusata ya cire ya wurgar. Kyankyasai da ƙananan ƙudajen nan masu faɗin fiffike da ke lafewa a bango shaidu ne, hanyar da suka biyo ita warin ya biyo.

Maganar hunturun da kika yi ita ta ƙara min ƙarfin gwiwa. Ke shaida ce, daga Nuwamba zuwa Maris a garin nan in kika shanya zani kafin ki gama shara ya bushe. To irin rariyoyin da suka cika kasuwa ruwan da suke riƙewa bai fi kaurin yatsa ɗaya ko biyu ba, kuma in rariyar tana lungun da ruwan wanka ba ya kai wa gare ta, cikin 'yan kwanaki take ƙafewa, ƙofa ta buɗe. Shi ya sa banɗakin baƙi da babu mai shiga ya kan fi na yara wari, shi ya sa kuma mutane ke dawowa daga hutun Sallah su tarar da gida ya gauraye. Maganin wannan buta guda ce ta ruwa a kowace rariya, sau biyu a mako. In tafiya za ku yi, ki zuba ruwan, ki bi shi da cokali biyu na man girki don ya yi masa rufi ya rage ƙafewa, ko ki shimfiɗa leda ki danne da bokiti cike da ruwa.

Yanzu mu zo kan sayayya. In rariyar ce ba ta da ɗan kofin, masu sayar da kayan famfo suna da abubuwa biyu. Akwai sabuwar rariya sukutum mai hana wari, wadda ko dai tana riƙe ruwa mai zurfi ko tana da ɗan marfi da ke buɗewa in ruwa ya danna shi ya kuma koma ya rufe. Wannan sai an fasa tayil, don haka sai da yardar mai gida. Akwai kuma 'yar roba mai laushi kamar hannun riga da ake cusawa cikin bakin fayif ɗin da yake akwai, ruwa ya buɗe ta ya wuce, ta koma ta manne. Ga mai haya ita na fi so: ba fasa, ba siminti, ranar tashi ki zare abarki. Amma ki auna faɗin bakin fayif ɗin kafin a je kasuwa, ki ɗauki hotonsa a waya, domin akwai mai inci 1½ akwai mai inci 2, kuma wadda ta yi sako-sako daidai take da babu. Aibinta guda: gashi da kumfar sabulu suna maƙalewa su hana ta rufewa, sai an riƙa zare ta ana wankewa, kuma in robar ta tsufa ta yi tauri sai a sake wata. In kuma sabuwar rariya za a sa, a ɗaga ta a ji nauyi a hannu. Masu ƙyalli marasa nauyin nan damina ɗaya suke yi su fara tsatsa.

Sai ki durƙusa ki duba ƙarƙashin besin. Galibin gidajen haya farar robar nan mai miƙewa da tattarewa ake sawa, kuma sai a ja ta a miƙe daga besin zuwa bango kamar igiyar shanya. A miƙe ba ta riƙe ko ɗigon ruwa. Ki lanƙwasa ta da hannu ta yi ciki kamar ƙugiya, ki ɗaure da waya don kada ta koma, kin yi maganin abin kyauta. Ki kuma duba inda ta shiga bango: in siririyar roba ce aka zura cikin faffaɗan fayif aka bar gefe a buɗe, warin ta gefen yake fitowa, sai a cike shi da robar haɗi ko silikon. In da hali, a cire ta a sa mai kama da kwalba, wadda ake kwance gindinta a zubar da datti a mayar, domin tattarar waccan tana tara wani baƙin yauƙi da shi ma warin kansa yake yi.

To in kin rufe komai kuma da asuba warin yana nan fa? Sai a koma kan masai, amma gindinsa da bayansa, ba cikinsa ba. Ki tura shi da gwiwa a hankali. In ya motsa ko kaɗan, haɗinsa ya saki. A bayansa ko ƙarƙashinsa akwai robar da ta haɗa shi da babban fayif mai inci 4, kuma ita ce ke bushewa ta tsage ko a sa ta a karkace tun farko. Ba lallai ki ga ruwa yana ɗiga ba, kafar da ruwa bai bi ba iska tana bi. Kuɗin robar bai kai ko kusa da na sabon masai ba. Abin da ba za ku yarda da shi ba shi ne mai gyara ya kwaɓa farin siminti ya shafe wurin ta waje ya karɓi kuɗi. A ɗaga masai ɗin, a canza robar, a zaunar da shi daram, sannan a bi gindin da siminti.

Ni kaina na taɓa shan wannan wahalar a wani gida da na yi haya ina sabon aure. Mun yi wata biyu muna zargin maƙwabta, har na daina amsa gaisuwar wani bawan Allah da kyau, Allah ya yafe min. Ranar da na kwanta rub da ciki da tocila, sai ga bakin wani fayif a bayan tankin masai, daf da ƙasa, wanda aka fitar don besin ɗin da ba a taɓa sawa ba. Magina sun cusa masa takardar buhun siminti, aka bi da fenti a kai. Takardar ta ruɓe ta zube ciki, fentin ya rage kamar ɓawon ƙwai da 'yar huda a tsakiya. Murfin roba guda ya kashe maganar. Don haka ki bi bangon nan da ido da yatsa, har bayan ƙofa.

Na'urar turare ki saya daga baya in kina sha'awa. Yanzu in kika sa ta, ƙamshin lemo da warin sokawe ne za su haɗu su ba ki abin da ya fi kowannensu tayar da zuciya. Haka fankar nan mai zuƙe iska da ake maƙalawa a bango: tana da amfani wajen busar da laima, amma in rariya a buɗe take, iskar da ta fitar daga sokawe za ta jawo madadinta.

"Malam, ni ma'aikaci ne, ina zaune a ƙasan wani bene a Yelwa, mu gida huɗu ne. Duk sa'ad da na sama suka kora ruwa sai masai ɗina ya yi ƙugi, ruwan cikinsa ya ja baya, wari ya biyo. Da damina abin ba a magana. Mai gidan ya ce iyalina ne ke zuba shara a ciki. An ba ni shawarar in sayi hodar da ke narkar da sokawe, wani kuma ya ce motar kwasa zan kira. Wanne ya fi, kuma wa ya kamata ya biya?"

Malam, ƙugin nan shi ne bakin zaren. Ka tuna gwangwanin madarar ruwa: in ka huda shi wuri ɗaya, da ƙyar madarar ke fita tana shaƙewa, sai ka yi huda ta biyu iska ta shiga sannan ta zuba sumul. Fayif ɗin bahaya ma haka yake. In ruwa ya gangaro daga sama da ƙarfi, yana tura iskar da ke gabansa yana jan wadda ke bayansa. In babu hudar numfashi, ta masai ɗinka zai nema, ko ya zuƙe ruwan murfin ko ya huro iska ta cikinsa. Kai da ke ƙasa kai ke kwasar abin.

Zaga bayan ginin ka ɗaga kai. Babban fayif ɗin da ya sauko daga banɗakunan sama ya kamata kansa ya zarce ya wuce rufin kwano, da 'yar hula mai raga a bisa. Abin da nake yawan gani kuwa: an yanke shi a ƙarƙashin tagar wani, ko rana ta gasa robar ta karye, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, ko zanzaro ya gine bakin, ko ma ba a sa shi ba sam don a rage kuɗin fayif guda. Na taɓa ganin wanda mai haya ya ɗaure wa baki da leda saboda yana turo masa wari ta taga, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, warin ya koma yana fita ta cikin ɗakuna. Ƙara masa tsawo ake yi, ba a toshe shi.

Daga nan a ɗaga murfin camba, ƙaramin akwatin simintin nan da ke tsakanin gini da sokawe, a sa wani ya kora ruwa a sama kana kallo. In ruwan ya zo ya wuce ya bar ƙasan camba fayau, hanya lafiya take, matsalar ta numfashi ce, kuma kiran mota asara ne. In ka tarar ruwa ya kwanta ya shanye bakin fayif, to ko gaba ta toshe ko ramin ya cika. Yadda ka ce da damina ya fi muni, ina zargin duka biyun sun haɗu maka. Ginin da aka yi bisa ƙa'ida rami biyu gare shi: na farko shafaffe da siminti inda kauri ke kwanciya, na biyu mai kafofi inda ruwan ke tsiyayewa cikin ƙasa. A watan Agusta ƙasar kanta ta ƙoshi, ba ta karɓar ƙari. Ga shi Bauchi garin duwatsu ne, a wasu unguwannin masu haƙa suna cin karo da dutse su tsaya, rami ya fito gajere. A masu fadama kuma ruwan ƙasa ne ke tasowa ya cika shi. In murfin ya tsage, ko an karkato ruwan indararo ta kansa, mota za ta kwashe yau, ruwan sama biyu ya mayar da shi yadda yake. A fara gyara murfin.

Hodar narkarwa kuwa ka riƙe kuɗinka. Bahaya da halittun da ke narkar da shi yake zuwa, ba ya jiran na kanti, kuma babu hodar da ke ƙara wa rami zurfi ko ta narkar da leda. Amma kafin ka je wa mai gida da zafi, ka bincika naka gidan, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Famfas ɗin yara, audugar mata, tsumma, ledar omo da ƙyallen goge jarirai ba sa narkewa, kuma su ne ake zarowa daga yawancin fayif ɗin da ya toshe. A ajiye kwando mai murfi a banɗaki, a kuma faɗa wa na sama su ma.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kada kowa ya shiga ramin, ko da an kwashe, ko da waya ce ta faɗa. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami take kwanciya, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi, mutum ya ɗauka lafiya, sai dai a ga ya sulale. Wanda ya bi shi don ceto shi ma haka. Tare da ita akwai wata iskar marar wari mai kamawa da wuta, don haka ba ashana, ba sigari, ba leƙawa da fitilar kwai.

Batun biya, ka fara duba takardar yarjejeniyarku in akwai. A al'adar haya dai, abin da ya shafi ginin kansa, irin su fayif ɗin numfashi da murfin sokawe da zurfin rami, na mai gida ne; toshewar da amfani ya jawo kuwa masu haya kan yi karo-karo, kwasa kuma wasu gidajen rabawa ake yi. Ka ɗauki bidiyon ƙugin da na cambar, ku je ku huɗu tare, cikin girmamawa. In ya ce ku gyara a cire a kuɗin haya, ya rubuta ko ya turo saƙon waya kafin ku kashe ko kwabo, ku kuma riƙe rasit. In ruwan ya fara malala layi kuma ya yi kunnen uwar shegu, akwai duba-gari na ƙaramar hukuma da hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, amma wannan ƙofar ƙarshe ce ga mai son sabunta haya. Kuma in akwai rijiya a gidan ka auna tazararta da ramin. Mita 30 masana tsafta ke so, abin da filayenmu na cikin gari da wuya su bayar, don haka da damina a tafasa ruwan sha.

"Baba ni ɗalibi ne a Gwallameji. Bayinmu zarni yake yi. Na haɗa Hypo da Harpic na zuba don su yi ƙarfi, sai wani abu ya shaƙe ni, idona ya yi ja, na kwana ina tari. Abokina ya ce ruwan batir ya fi. In saya?"

Ɗana, ka gode wa Allah da ka samu ƙofa. Harpic na wanke masai yana da asid, Hypo kuma bilic ne, haɗuwarsu tana sakin iskar kulorin, wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. A ɗan ƙuntataccen bayi mai taga kamar tafin hannu ka haɗa wa kanka ita. In tarin bai tsaya ba, ko kana jin ƙirji ya ɗaure, ka je asibiti yau. Bilic ba a gama shi da komai sai ruwa, ko a kan fitsari ma kada ka zuba shi sai ka kora tukuna. Ruwan batir kuma ka bar shi a batir: yana cinye simintin da ke tsakanin tayil, wato yana ƙara wa fitsari wurin ɓuya, in ya fallatsa a ido kuma yana iya makantarwa. Masu zuba fetur ko kananzir su ma su ji.

Zarni ba daga rami yake ba, a saman nan yake, a inda buroshi ba ya zuwa. Kwance ƙusoshi biyun da suka riƙe murfin zama ka cire shi gaba ɗaya, abin da za ka gani a ƙarƙashin maƙalan zai ba ka amsa. Sai bangon gefe har tsayin gwiwa, da gindin masai ta baya, da layukan tayil da suka rarake. Omo, ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori. In ya bushe ka sayi kilo guda na farin siminti ka cike layukan. Sauran maganin kuma ku zauna ku da ke amfani da bayin ku faɗa wa juna gaskiya.

"Salam. Ni a gidana sai an buɗe ruwan zafi warin ƙwai yake tashi, na sanyi lafiya lau. Bohol muke sha. Sannan kusa da ƙofar banɗakin ina jin wani ƙarni kamar na kifi, alhali ba ma kai kifi wurin. In sayi sabuwar hita?" Hajiya, GRA.

Hajiya, ranki ya daɗe, wari biyu kika kawo, kuma wanda kika ambata a ƙarshe shi ya fi tayar min da hankali. Bari in fara da mai sauƙin.

Ki tari ruwan zafi a kofi, na sanyi a wani kofin, ki fita da su tsakar gida ki sansana. In na zafin ne kaɗai ke wari a can, daga cikin hita ne. A cikinta akwai wani sandan ƙarfe na maganiziyam da aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon ta ci tankin. In ruwan bohol yana ɗauke da sinadarin salfet, kuma hitar tana daɗewa a kashe da ruwa mai ɗumi-ɗumi kwance a ciki, kamar yadda rashin wuta ke jawo mana, sai wasu ƙananan halittu su samu wurin zama su riƙa samar da iskar nan ta ruɓaɓɓen ƙwai. Sabuwar hita ma da irin sandan take zuwa, bayan 'yan watanni ki koma gidan jiya. A zubar da ruwan ciki gaba ɗaya, a wanke, a bar ta ta yi zafi ya kai digiri 60, a kula da hannun yara. In ya dawo, a nemi sandan alminiyam mai haɗin zinki a canza. Kada mai gyara ya cire sandan ya bar wurin haka, wari zai tafi amma tankin zai huje da wuri. In kuma kofi biyun duka suna wari, a hau a leƙa tankin sama, ba mamaki ƙadangare ne ya faɗa, ko an shekara ba a wanke ba.

Ƙarnin kifi a inda babu kifi kuwa, musamman kusa da ƙofa inda ake sa makunnin hita, sau da yawa robar kayan lantarki ce ke gasuwa. Hita tana jan wuta sosai, in waya ta yi siriri ko ƙusar da ta riƙe ta ta saki, wurin yana ɗaukar zafi a hankali, robar ta riƙa fitar da wannan ƙarnin tun kafin a ga hayaƙi. Ki lura ko yana ƙaruwa in hitar tana kunne. Ki duba murfin makunnin ko ya yi rawaya ko baƙi-baƙi a gefe, ki kara bayan hannu kusa da shi, busasshe, ki ji ko da ɗumi. Mushen ɓera a silin ma yana wari, amma nasa ɗoyi ne, da ƙudaje, kuma ba ruwansa da kunna wuta ko kashewa. In kicin yana jikin bangon, a shafa ruwan kumfa a kan tiyo da kan silindar gas a ga ko kumfar za ta riƙa kumbura, domin warin da ake sa wa gas ɗin girki ma yana rikita hanci.

Yau dai a kashe layin hitar daga babban akwatin wuta, ba daga makunnin da ake zargi ba, a ɗora ruwan wanka a tukunya. Mai gyaran wuta za ki kira kafin mai gyaran famfo, kuma ki ce ya buɗe makunnin a gabanki ki ga bayan wayoyin da idonki.